Kafin a fita da ɗan'uwa aikin zuciya a tambaya: in zuciyar ta ƙi tashi fa?

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah ka bani fili a wannan jarida tamu in amayar da wata magana da ta daɗe tana cina a rai. Shekara biyu kenan ina cewa zan rubuto sai in kasa, sabida duk sanda na ɗauki waya na fara sai abin ya dawo min ɗanye kamar jiya akayi. Abin da yasa yau na daure shine kusan kullum in ka buɗe Facebook ko guruf ɗin WhatsApp na 'yan unguwa sai ka ga hoton yaro ko matar aure ana neman taimako, za'a fita dasu Indiya ko Masar aikin zuciya, an jero kuɗin aiki kaza, tikiti kaza, biza kaza, masauki kaza, shikenan an ja layi an tara. Mu ma haka mukayi namu lissafin, kuma wallahi babu wanda ya taɓa ce mana akwai abin da zai iya faruwa tsakanin gama aiki da farkawar mara lafiya wanda shi kaɗai zai cinye fiye da duk abin da muka tara, ya kuma tsayar da kai gaban takarda kana sa hannu akan abin da ko sunansa baka taɓa ji ba.

Ƙanwata ce, autar Hajiya. Tun tana 'yar firamare take fama da ciwon maƙogwaro yau ya tafi gobe ya dawo, akace beli ne aka kira wanzami ya cire, daga baya gwiwoyi da idon sawu suka riƙa kumbura suna ciwo akace sanyi ne, a sha jiƙo a shafa man zafi, ya lafa kowa ya manta. Sai da tayi aure ta samu cikin fari abin ya fito fili, haki, kumburin ƙafa, bata iya kwanciya sai ta jera filo uku ta jingina, in ta ɗebo ruwa bokiti ɗaya sai ta zauna tana maida numfashi. Allah ya sauke ta da ƙyar. Da akayi mata hoton zuciya a asibitin koyarwa likita yace bawul biyu, wato 'yan ƙofofin cikin zuciya masu hana jini komawa baya, su ne suka lalace a ɓangaren hagu, ɗaya ya tsuke ɗaya yana yoyo, kuma asalin abin wancan ciwon maƙogwaron ne na yarinta, ƙwayar cuta ce da in ba'a kashe ta da fenisilin ba garkuwar jiki kan ruɗe ta koma tana cin bawul ɗin zuciya a hankali shekara da shekaru. Yace sai aikin canza su.

Muka sayar da filin gadonmu, mijinta ya sayar da motar da yake haya da ita, dangi sukayi karo-karo, akayi sanarwa a masallacin unguwa. Wani ejan ya haɗa mu da wani asibiti a Indiya, ya turo takarda mai kyau harda tambari, kuɗin aiki da kwana kaza a ɗakin kulawa ta musamman da kwana kaza a ɗakin jinya duk a dunƙule. Bizar mijin bata fito akan lokaci ba, sai ni na raka ta tunda malamin sakandare ne ni ina jin Turanci.

Ƙarfe bakwai na safe aka tura ta, tana kan gadon tace min Yaya kace wa Hajiya ta yafe min, nace ke dai Allah ya tashi kafaɗunki, anjima da bakinki zaki faɗa mata. Sun ce awa biyar zuwa shida. Nayi azahar nayi la'asar, duk waɗanda muka zauna tare da safe an kira su ɗaya bayan ɗaya sun tafi ganin nasu, ni shiru. Dab da magariba babban likitan ya fito ko hular aiki bai cire ba, ya ja ni wani ɗan ɗaki ya turo ƙofa, tun daga nan cikina ya ɗuri ruwa. Yace aiki anyi shi, bawul biyun sun zauna daidai, amma zuciyar ta ƙi karɓar aikinta.

Ban gane ba sai da ya juya bayan wata takarda ya zana min. Ashe in za'ayi irin wannan aikin tsayar da zuciya akeyi cak, a ɗura mata wani ruwa mai sanyi mai sinadarin fotashiyam ta daina bugawa, jinin mutum kuma a karkatar dashi zuwa wani inji wanda shi zai riƙa yin aikin zuciya da na huhu har a gama ɗinki. Wannan injin tun 1953 wani likita John Gibbon ya fara cin nasarar aiki dashi a Filadelfiya ta Amurka, kuma har gobe shine ginshiƙin aikin zuciya. In an gama sai a sakar wa zuciya jini ta ɗumama ta fara motsi, a riƙa rage injin kaɗan kaɗan har ta karɓe. Mafi yawan mutane haka ake rabuwa lafiya lau. Amma akwai 'yan kaɗan cikin ɗari da zuciyar kan fito a galabaice, musamman wadda dama ta daɗe tana wahala ko aikin yayi tsawo, tana bugawa amma ba ƙarfi, kamar wanda ya farfaɗo daga suma yanzu akace ya ɗauki buhun masara. In aka cire injin a haka jini baya isa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta, awon jini ya faɗi warwas, fitsari ya tsaya, hannu da ƙafa suyi sanyi, cikin 'yan awanni kayan ciki su fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma injin ɗakin tiyata na awanni ne, ba'a barin mutum a kansa kwana da kwanaki.

Yace sun bi abin daki-daki. Sun fara da allurai masu zaburar da zuciya irinsu adirenalin har suka kai maƙura bata ɗauka ba. Suka zura mata balan-balan ta jijiyar cinya, wani siririn abu ne dogo da ake kaiwa cikin babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, ana hura shi da iskar hiliyam, ya kumbura duk sanda zuciya ta saki ya sace duk sanda zata matsa, sai ya ƙara wa jijiyoyin zuciyar jini ya kuma rage mata nauyin turawa. Amma taimakonsa kaɗan ne bai wuce rabin lita zuwa lita ɗaya a minti ba, alhali babban mutum ko a kwance yake yana buƙatar wajen lita 5 a minti. Sau biyu suna gwada sauke ta daga injin tana komawa. Abin da ya rage shine wani inji da suke kira Ekmo, mai riƙe aikin zuciya da huhu na kwanaki, kuma sai na sa hannu, kuma yanzu yanzu, dan tana can kan tebur ƙirji a buɗe.

Na kira mijinta layi yana yankewa, abin da na iya tsinta daga bakinsa kawai shine Yaya duk abin da ka gani kayi. Hajiya kuwa ban iya kiranta ba. Nayi bismillah na sa hannu a takarda shafi huɗu da ban karanta ko layi goma a ciki ba.

Sai wajen sha ɗayan dare aka bari na shiga, aka sa min riga da hula da takunkumi na wanke hannu har gwiwar hannu. Kafin in ga fuskarta tiyo biyu na fara gani sun fito daga saman cinyarta, kowanne ya kai kaurin babban yatsana, ɗaya jinin cikinsa baƙi-baƙi kamar zoɓon da ya jiƙu sosai, ɗayan kuma ja jawur, sun nufi wani ɗan keke a ƙarshen gado wanda bai fi ƙaramin firij ba. Nas ɗin da ke zaune gabansa ta nuna min, wannan yana jawo jinin da ya gama zagaya jiki, wannan famfon mai juyawa shi ke turawa, wannan ɗan akwatin shine huhun roba, a cikinsa jini ke ajiye gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin sannan ya koma jiki ta ɗaya tiyon. Kusan lita 4 a minti allon ya nuna. Ta bari na ɗora yatsa akan tiyon naji shi da ɗumi, jinin ƙanwata ne yake wucewa ta ƙarƙashin yatsana. Na kama tsintsiyar hannunta ina neman bugun jini da ƙyar naji wani abu can ƙasa-ƙasa, hankalina ya tashi, nas tace kar in damu shi injin baya bugawa kamar zuciya, zuba yake kamar famfo. Ƙirjin ma basu ɗinke ba sabida zuciyar ta kumbura, an dai rufe shi da wata leda mai mannewa da bandeji.

Washegari wani ƙaramin likita mai haƙuri, Allah ya saka masa, ya zaunar dani yace in riƙe abu ɗaya, wannan injin baya warkar da zuciya ko kaɗan, sauke mata kaya kawai yake ta huta, in mai farfaɗowa ce yawanci cikin kwana uku zuwa mako guda za'a ga alama. Yace su gada suke kiransa, gada kuwa dole ta kai ka wani tsallake. Tsallake na ɗaya zuciyar ta dawo da kanta, na biyu a dasa wa mutum famfo na dindindin a ƙirji, na uku dashen zuciya. Na biyun kuɗinsa yafi ƙarfin irinmu nesa ba kusa ba, kuma in ka dawo dashi gida wa zai duba maka shi, ga batir da sai anyi caji kullum da irin wutarmu. Na ukun kuma a tsarin Indiya baƙo baya samun zuciyar mamaci sai in babu ɗan ƙasa da ya dace da ita. Kenan mu tsallake ɗaya ne garemu. Edita wannan maganar da a gida aka gaya min ita kafin mu hau jirgi, da ko ba komai na san yadda zan shirya Hajiya, da ba sai ta waya cikin dare zan riƙa yi mata kwana-kwana ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba zan taɓa mantawa dasu ba. Shi jini in ya taɓa roba daskarewa yake son yi, dole a riƙa bada hefarin mai tsinka jini, ita kuma jiya jiya aka yanka ta, ka bada da yawa ta zubar, ka rage gudan jini ya toshe injin ko ya wuce ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki ko ya kwanta akan sabon bawul ɗin ƙarfen. Shi yasa suka bar balan-balan ɗin a ciki kuma suke son zuciyar ta riƙa ɗan turawa ko yaya ne, tunda injin ta ƙasa yake turo jini yana fuskantar zuciyar, in ba'a lura ba sai ta cika ta kumbura ruwa ya taru a huhu. Duk bayan 'yan awanni a ɗebi jini a auna. Ina gani nas zata ɗauki tocila tana haska jikin huhun robar da mahaɗar tiyo tana neman ɗigon gudan jini kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Daren farko sai da aka koma ƙirjin dan tsayar da zubar jini. Ledar jini na daina ƙirgawa, asibiti sukace in kawo masu mayarwa, ni da ban san kowa ba a garin, wallahi mai a-daidaita-sahun da ke kai ni masauki, wani bawan Allah Ba'indiye da bamu haɗa yare ko addini ba, shi ya zo da abokansa biyu suka bada jini ko sisi basu karɓa ba.

Ga kuma ƙafa. Tiyon da ke mayar da jini ya kusa cike jijiyar cinyar gaba ɗaya, dan haka sai sun sa wani ƙaramin tiyo daban mai kai jini ƙasa, duk awa nas ta ɗora wani abu kamar biro a bayan ƙafar tana sauraron shuu shuu, har alama tayi da maka a wurin. Rana ta uku ƙafar dama tayi sanyi ta canza launi, sun gyara tiyon jini ya dawo amma yatsu biyu sun riga sun tafi. Ƙoda ma ta tsaya aka jona injin wankin ƙoda a jikin na Ekmo ɗin, inji akan inji.

Bayan mun dawo gida na zauna nayi ta karatu akan abin dan in gane me na sa wa hannu. Ashe ba sabon abu bane. Tun 1966 likita Michael DeBakey a Hiyustan ta Amurka ya jona wa wata mata famfo bayan an canza mata bawul zuciyarta ta ƙi tashi, kusan irin larurar ƙanwata sak, tayi kwana 10 a kansa aka cire ta koma gida. Balan-balan ɗin kuma Adrian Kantrowitz ya fara sa wa mutum a 1967 a birnin Niyok. Shi Ekmo Robert Bartlett na cikin waɗanda suka raine shi, a 1975 ya ceci wata jaririya dashi, daga baya a 1989 aka kafa ƙungiyar ELSO a Mishigan mai tattara bayanan waɗanda aka ɗora a kansa daga asibitocin duniya. Mutane da yawa sai lokacin korona suka fara jin sunansa, amma wancan yawanci dan huhu ne, na zuciya yafi shi haɗari. Abin da rahotannin manyan asibitoci ke nunawa shine cikin manya goma da aka ɗora akan Ekmo bayan aikin zuciya, uku ne zuwa huɗu ke fita asibiti da rai. Wani zai ce kaɗan ne, amma a tuna waɗannan mutane ne da in ba dan injin ba kusan dukkansu akan tebur zasu cika. Kuma wanda aka ɗora da wuri kafin hanta da ƙoda su lalace yafi samun dama akan wanda aka tsaya jan ƙafa, haka matashi yafi dattijo.

Kuma kar wani ya ɗauka duk inda aka jona inji an tsira. A 2012 anyi wani babban bincike a Jamus akan mutum 600 da bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya, ya kayar, aka ga balan-balan bai rage mutuwa ba cikin kwana 30. A 2023 aka sake irinsa da Ekmo akan mutum wajen 420, nan ma bai rage ba sai ma ƙarin zubar jini da matsalar ƙafa. A 2024 kuma wani bincike na Danmak da Jamus da Ingila ya nuna wani ɗan famfo mai suna Impella da ake zurawa har cikin zuciya ya rage mutuwa a wasu masu bugun zuciya, duk da shima da nasa illolin. Duk waɗannan akan masu bugun zuciya ne ba waɗanda aka yiwa tiyata ba, amma sun ishe mu gane cewa su kansu likitocin har yanzu suna tantance wa ya dace da wane inji kuma a wane lokaci, ba abu ne da za'a ce kawai a siyo a ajiye ba.

Maganar kuɗi kuwa, kowace safiya ofishin kuɗi nake fara zuwa kafin in hau sama. Tiyo da famfo da huhun robar duk sau ɗaya ake amfani dasu a yar, ga jini, ga wankin ƙoda, ga gwaje-gwaje ba iyaka, ga nas guda ga mutum guda da wani ma'aikaci daban da aikinsa kawai gadin injin dare da rana. Na kira ejan ɗinmu yace ai wannan baya cikin yarjejeniya, ya nuna min wani ɗan mitsitsin rubutu a ƙasan takardar, kwana biyu bayan haka ya daina ɗaga wayata. Abin da aka rubuta mana na waɗannan kwanakin ya zarce kuɗin aikin gaba ɗaya, ga naira tana ta faɗuwa, abin da aka turo min da safe kafin in canza ya ragu. Yayarmu ta sayar da gwalagwalanta, mijin ya ciwo bashin da har yau yana biya.

Akwai wani abu kuma da yafi kuɗin nauyi. Gadon da ke kusa da namu wani dattijo ne Balarabe, shima bayan aiki aka ɗora shi akan injin, 'ya'yansa maza biyu dasu muke jam'in sallah a wani lungu kusa da matakala. Kwana tara zuciyar bata motsa ba, daga ƙarshe hoto ya nuna jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, likitoci sukace babu sauran tsallake, a yarda a kashe injin. Babban yace a bar shi ya huta, ƙaramin yace wallahi ba da hannunsa ba wannan kisa ne, a gabana sukayi ta cacar baki suna kuka suna neman malaminsu a waya. Ni ina gefe jikina yayi sanyi dan na san gobe ni za'a iya yiwa wannan tambayar, kuma bani da amsa. Daga baya na gano tun 1986 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta Jodan ta yanke cewa in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, ya halatta a cire injinan. Amma Ekmo yana kawo wata mas'alar da tafi wannan wuya, mutum ƙwaƙwalwarsa lafiya lau wani ma idonsa biyu yana gane mutane, zuciyar ce ba zata dawo ba kuma babu dashe babu famfo. Ina roƙon malamanmu da ƙungiyar likitoci Musulmi su zauna tare su fahimci yadda injin yake, su fito rediyo suyi mana bayani da Hausa, dan kar a bar mutum shi kaɗai a ƙasar wasu ƙarfe biyun dare yana yanke hukuncin da yafi ƙarfin iliminsa.

Mu Allah ya dube mu. Rana ta biyar ƙaramin likitan nan yana mata hoton zuciya a gefen gado ya juyo da allon yace zo ka gani, bangon zuciyar da da yake ɗan rawa kawai yanzu yana matsewa yana saki. Suka fara rage injin, daga lita 4 zuwa 3 su tsaya su duba, zuwa 2 su tsaya, har ya koma wajen lita ɗaya awon jini bai faɗi ba fitsari ma ya ɗan fara ɗigowa. Rana ta shida aka cire tiyon aka ɗinke jijiyar. Da ta farka roba na maƙogwaronta bata iya magana, aka bata takarda da biro hannu na rawa ta rubuta "ina yarona", anan ne na fita waje na kira Hajiya na gaya mata komai tun daga farko.

Yanzu ga inda nake so jaridarka ta taimaka. Ni ba ina hana kowa fita neman magani bane, kuma ba ina kushe masu yin aikin a gida ba, ai tun ranar 1 ga Fabrairu 1974 aka fara buɗe zuciya a Najeriya a asibitin koyarwa na Enugu, likitan zuciya Magdi Yacoub ya zo daga Ingila suka yi tare da su Farfesa Fabian Udekwu, kuma yau akwai asibitoci da dama da ke yi, wasu da likitocinsu wasu sai baƙi sun zo na mako ɗaya ko biyu. Tambayata ita ce in baƙin sun tashi ranar Asabar wa zai zauna da wanda zuciyarsa ta ƙi tashi ranar Alhamis? Shi wannan injin ko minti ɗaya baya son ɗaukewar wuta, yana son ma'ajiyar jini da zata iya bada leda goma cikin dare ɗaya, yana son ɗakin gwaji da baya rufewa, da nas-nas da masu kula da inji da suka saba dashi ba waɗanda suka taɓa gani sau ɗaya a wajen horo ba, su kuma ƙwararrun namu kullum ficewa suke. Gwamnonin da ke son a ɗauke su hoto gaban sabon inji su fara da waɗannan. A Sudan wata ƙungiyar agaji ta Italiya mai suna Emergency ta buɗe cibiyar Salam a Soba kusa da Hartum a 2007 tana aikin zuciya kyauta, yawanci ma irin ciwon ƙanwata, mutane daga ƙasashen Afirka da dama suka amfana, kaga kenan abu ne mai yiwuwa a nahiyar nan in an tsaya an tsara shi. Shi kuma ciwon bawul ɗin nan yana kashe wajen mutum dubu 300 duk shekara a duniya mafi yawa a ƙasashen talakawa, alhali fenisilin ne maganin tushensa, wanda ya riga ya kamu kuma allura ce duk mako uku zuwa huɗu ke hana shi ƙaruwa, amma je ka ƙaramin asibitin unguwa ka nemi allurar kaji.

Ga 'yan'uwana masu shirin tafiya kuma, ba'a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku biya kafin alƙalami ku nemi magana da likitan da zaiyi aikin da kansa ba ejan ba, ku tambaye shi ƙarara in zuciyar ta ƙi tashi me zakuyi, kuna da balan-balan kuna da Ekmo, mutum nawa kuka ɗora bara kuma nawa suka koma gida, nawa ne kuɗin ɗorawa nawa ne na kowace rana, a rubuta muku a takarda. Ku tambayi yadda ake samun jini. Ku zauna da mara lafiyar tun tana da bakin magana ku ji ra'ayinta in abu ya kai ga haka, ku kuma tsayar da wanda zai sa hannu da yawun kowa, wannan ba fatan tsiya bane, mu mun ɗauka fatan tsiya ne shi yasa bamu yi ba. Masu tara taimako a intanet suma su riƙa faɗa wa jama'a gaskiya cewa adadin da aka rubuta na in komai ya tafi daidai ne.

Ƙanwata tana nan da ranta alhamdulillah. Tana ɗingishi, ƙodar ta dawo, tana shan maganin tsinka jini wafarin kullum har ƙarshen rayuwa sabida bawul ɗin ƙarfe ne, duk wata sai taje an auna tsinkin jininta. In dare yayi tsit kana jin bawul ɗin yana ƙas ƙas, yaron nata kan ɗora kunne a ƙirjinta yace Umma agogonki. Makon jiya 'yar yayarmu ta tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wata maƙociya ta fara maganar a kira wanzami, kafin kowa ya buɗe baki ita ta zari mayafi ta kama hannun yarinyar ta ɗingisa har bakin titi suka tari a-daidaita zuwa asibiti.

Na gode Edita, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Naka,
mai karanta jaridarka daga Zariya.